Kada Ki Ba Tsahara Sanda

Zuwa ga ɗiyata Rahila,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, cikin sunan Ubangijinmu. Ina roƙon Allah ya sa kin sauka Dogo lafiya, motar ba ta mutu muku a hanya ba, kin kuma sami ɗakin da aka yi miki alkawari da rufinsa a kansa. Babanki yana gaishe ki. Matan zumunta ma suna gaishe ki, sun ce tun da suke ba su taɓa ganin Madam, malamar makaranta, mai ƙaramin jiki irinki ba, amma suna yi miki addu'a. Na cusa takardar nan cikin ƙullin ƙuli-ƙuli ne don na san halinki, shi za ki fara kwancewa kafin katifa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, na san ba zan iya faɗinta a tasha gaban mutane ba. Ranar da kuke ɗaure kaya ke da babanki, ina bakin murhu ina jin ku. Kina ba shi labarin yarinyar nan Tsahara, wadda kika sani lokacin da kika je koyon aiki a lakwal ɗin Dogo, makarantar da aka tura ki, kafin hutu. Kika ce kafin ki sauke alli daga allo ta gama lissafin, daga nan sai mintsinin na kusa da ita, sai tambayar da ba ta cikin darasi, har ta taɓa gyara miki kuskure a gaban aji. Sai na ji kin ce, "Ai na san maganinta, Baba. In an koma zan ba ta sanda ta tsare mini aji. Duk wanda ya kasa amsa ita za ta hukunta shi, sai ta sami abin yi. Haka kowa yake yi." Babanki ya yi tari. Ni kuwa sai da tuwona ya kama.

Rahila, kada ki ba yarinyar nan sanda. Wannan ce maganar, sauran duk bayani ne. Kuma ki sani ba faɗa nake miki ba. Tun ranar da takardar aikinki ta fito nake tafiya cikin unguwa kamar ni na gina garin Damagaram, har babanki yana cewa in rage, kada wuyana ya ƙage. Amma duk abin da kika faɗa game da Tsahara na san shi, domin na haifi irinta, na goya ta, na kuma koyar da ita a ajina. Na yi kurakurai da ke, kuma tun da kin gaji allina ba na so ki gaji su ma.

Na farko, na mai da ke abin nuni. Kina 'yar mitsitsiya kika fara karanta rubutun jikin gwangwanin madara, ba wanda ya koya miki. Kaina ya kumbura. Duk baƙon da ya shigo gidanmu, ko ruwa bai gama sha ba sai in ƙwala miki kira, ki zo ki harɗe hannu ki zuba masa waƙar Faransanci tun daga farko har ƙarshe. Fasto ya sha, maƙwabta sun sha, har mai sayar da itace bai tsira ba, bawan Allah ya tsaya da jakinsa a rana yana gyaɗa kai alhali ko kalma ɗaya ba ya ji. In anspekta ya zo duba lakwal, ke nake fara nunawa. Rannan wata ƙawata ta zo daga Tirmini, na kira ki kamar kullum, sai aka neme ki aka rasa. Can aka tsinto ki a bayan randa kin duƙunƙune. Da ta tafi na ce me ya same ki, kika ce, "Inna, in na manta wata rana, za ki ji kunya ko?" Na yi dariya na ce ba za ki manta ba. Sai daga baya na gane na ɗora wa 'yar yarinya mutuncina a ka tana yawo da shi.

Don haka in baƙo ya shigo ajinki, ko darakta ne, shugaban lakwal, ko anspekta, kada idonki ya tafi kan Tsahara. Ki tambayi na tsakiya da na baya, ko da za su ba ki kunya. Kuma ki daina ce mata tana da kai. Ta sani, kowa ya gaya mata. Ki yabe ta ranar da abu ya gagare ta ta ƙi tashi daga kansa.

Na biyu, na hukunta ki da aiki ina tsammanin gata nake miki. Da kika shigo ajina, kikan gama abin da na rubuta tun sauran suna neman allinsu a aljihu. Sai in ƙara miki wani irinsa. Ki gama, in ƙara. Yara su fita shan iska, ke kina zaune kina tara lambobin da kin riga kin iya tarawa tun bara. Ni a ganina ina ciyar da ke gaba. Ba a daɗe ba sai na ga kin koyi jan jiki. Ki rubuta lamba ɗaya, ki goge, ki gyara mata wutsiya, ki leƙa taga, ki daidaita gamawarki da ta sauran. Na ce lalaci ya kama ki. Ashe kin lura ne cewa ladan mai sauri a ajin Madam ƙarin wahala ne, kika yi wa kanki dabara.

Yaro irin wannan ba ƙarin tuwo iri ɗaya yake nema ba, miya yake so a sauya masa. In Tsahara ta gama, kada ki ba ta goma irin wanda ta gama. Ki ce ta nemo wata hanyar da za a bi a kai ga amsar. Ko ki ba ta amsa ki ce ta ƙirƙiro tambayar da za ta haife ta. Ko ki rubuta lissafi da kuskure a ɓoye a cikinsa ki ce ta farauto shi, tun da dai farautar kuskurenki take so. In lokacin shan iska ya yi kuma, ki kore ta waje ta yi tsalle da 'yan'uwanta.

Na uku shi ne babba, kuma saboda shi na zauna rubutun nan. Ban sani ba ko kina tunawa, don ba ki taɓa tayar mini da zancen ba.

Kin san al'adar aji, mu ma haka aka yi mana, har yau kuma ba a daina ba. Malami ya jefa tambaya ya bi benci-benci. Wanda ya kasa ya tsaya a tsaye. Wanda ya ci, shi zai bi na tsayen ɗaya bayan ɗaya ya mare su. In ya yi marin wasa, malami ya gwada masa yadda ake yi a kan nasa kuncin. To a ajina wa yake ci? Ke. Kullum ke. Kuma ke ce ƙarama a cikinsu, hannunki ba ya kai fuskar manyan, sai in ɗora ki kan benci su zo su jeru a gabanki. Wallahi Rahila, a lokacin daɗi nake ji. Ina kallon 'yata a kan benci, ƙattin yara suna miƙo mata kunci, ina cewa a raina ai ga amfanin kai nan.

Shekarar ita ce ta farin farko, wanda ya kwashe dabbobi ya koro mutanen ƙauye cikin gari. A cikin waɗanda suka shigo akwai wani yaro Laminu, daga wajen Tirmini. Gonarsu ta ƙone, suka zo suka raɓa gidan wani ɗan'uwan ubansa a bakin gari. An sa shi lakwal a makare, ya fi kowa tsawo, yana zaune a bencin baya gwiwoyinsa sun tokare tebur. Faransanci ya ƙi shiga kansa, ga yunwa, sau da yawa sai in ga idonsa a kan allo amma shi ba ya nan. Kusan kullum yana cikin na tsaye, kusan kullum yana shan marinki.

Kwatsam sai kika fara kasawa. In tambaye ki abin da kika sani kamar sunanki, ki ba ni amsar banza. Ranar farko na ce zazzaɓi ne. Da abin ya ci gaba sai raina ya ɓaci, don in ke ba ki ci ba babu mai ci, aji gaba ɗaya a tsaye, dole ni in ɗauki bulala in bi su. Ke kuma nakan ƙara miki, don kada a ce Madam tana son kai. A gida na yi faɗa, na yi lallashi, na ce babanki ya duba ki a gidan likita inda yake aiki ko kunnenki ne ya toshe. Ya duba ya ce lafiyarki ƙalau. Wata maƙwabciya ta ce baki ne ya kama ki, yawan nuna ki da nake yi. Na ce mata mu ba mu yarda da wannan ba, amma na ƙara tsawon addu'ar safe.

Kin tuna yadda ruwa ya yi wuya a shekarar. Pampon unguwa sai ya ga dama yake kawowa, a jera bokitai tun daga bakinsa har kwanar masallaci. Wata la'asar na aike ki ki tsare mana layi, da na ga kin daɗe na biyo ki da ɗayan bokitin. Na hango ki tsugune a gindin katanga, Laminu tsugune a gabanki. Kin tara ƙwallayen goruba kina kasa su kashi-kashi a ƙasa, kina ce masa da Hausa, "Ka ɗauka buhunan gero ne, waɗannan kuma gidaje ne. Raba musu, kada wani gida ya fi wani." Ya raba. Kika ce, "Wannan da ya rage fa?" Ya ce, "Na mai rabo ne." Kika kwashe da dariya kika ce a lakwal sunansa saura. Na duba da kyau, lissafin rabawar nan ne da na yi miki bulala a kansa da safe.

Na ce, "Rahila, wannan ba shi ne ya gagare ki ɗazu ba?"

Kika ɗago kai kika dube ni, kika dubi bokitin hannuna. Kika ce, "Madam ce ke tambaya ko Inna?"

Na ce, "Ke, ni za ki yi wa wayo? Ai duk ni ce."

Kika ce, "A'a. In Madam ce, ban sani ba. In Inna ce, sai Laminu ya matsa."

Yaron ya tashi sumui-sumui ya koma wajen bokitai. Kika rage murya kika ce, "Inna, fuskarsa ba nama. In na mare shi ƙashi nake ji a hannuna. Rannan har bakinsa ya yi jini, ya haɗiye don kada ki gani."

Na ce, "To shi ne za ki mai da kanki daƙiƙiya a gaban mutane?"

Kika ce, "Na duba na gani, in ban ci ba babu mai ci. In babu mai ci babu mai mari. Sai dai ke ki yi bulala. Ke kuma a tafin hannu kike yi, kuma kafin ki kai bencin baya kin gaji. Laminu a baya yake."

Ke kuwa a bencin gaba kike, ke kike shan ta farko da zafinta. Wannan ma kin lissafa shi, kika ga ya fi miki.

Na tsaya riƙe da bokiti, layi ya matsa, wata ta tsallake mu ban hana ta ba, ni da ba a shiga gabana a layin pampo. Da na gaya wa babanki, sai ya ce, "Saratu, wannan lissafin ya fi na kan allonki wuya." Kunya na ji, ba zan ɓoye ba. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani alfahari da ban taɓa jin irinsa ba, wanda duk waƙoƙin Faransancin da kika zuba wa baƙi ba su ba ni ko rabinsa ba. Har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya cika.

Washegari na shiga aji na ce daga yau ba wanda zai ƙara marin wani. Yara suka zuba mini ido suna jiran su ji inda tarkon yake. Darakta ya ji labari ya kira ni ya ce, "Madam, aji zai lalace." Na ce masa in ya lalace ajina ne. Kada ki ɗauka komai ya gyaru nan take. Ajin ya yi surutu kamar kasuwar kaji, wasu da tsoro kaɗai ke riƙe da su suka saki jiki, mushe-mushe, malamai maza, suna wucewa ta taga suna murmushi. Ni kaina hannuna ya sha kai wa bulala, wani lokaci ma ya ɗauka. Amma ban ƙara ɗora ki kan benci ba. Matsalar da ta rage ita ce wadda kike ciki yanzu: na karɓe abin da na ba ki, to me zan ba ki a madadinsa?

Ba littafi ne ya gaya mini ba, tambayoyinki ne. Da ma kin daɗe kina jefo su ina kaɗe su kamar ƙuda. Kin taɓa tambayata me ya sa ruwan randa yake sanyi na garwa yake zafi, alhali inuwa ɗaya suke, na ce ki yi mini shiru ina aiki. Gaskiyar ita ce ban san yadda zan bayyana ba, kuma ina ganin Madam ba ta cewa ba ta sani ba. To sai na dawo da tambayar na kawo ta aji. Na ce ni ma ban sani ba sosai, mu bincika. Kuka shafa jikin randa kuka ji damshi, kuka shafa garwa kuka ji ta bushe. Kika jiƙa hannu ɗaya kika ɗaga su biyu a iska, kika yi ihu cewa jiƙaƙƙen ya fi sanyi. Daga nan kika naɗe kwalba da jiƙaƙƙen tsumma kika rataye a taga. Ranar ba ki mintsini kowa ba, ba ki ja jiki ba, sai da na kore ki gida.

Gwajin da ya fi zama mini a rai shi ne na ƙwayar dawa. An raba jar dawar taimako a unguwa, damina kuma ta matso, mutane da yawa sun cinye irinsu. Sai gardama ta tashi har a zumuntar mata, wasu na cewa a ajiye ta a shuka, wasu na cewa ba za ta fito ba. Na kawo gardamar aji na ce wa zai raba ta. Aka yarda a naɗe ƙwayoyi a jiƙaƙƙen tsumma a sa a kasko a gani. Ruwan wanke hannu muka riƙa tarawa muna yayyafawa. Har mun naɗe sai kika ɗaga hannu kika ce, "Madam, in ba ta tsiro ba, ta yaya za mu san laifin dawar ne ba laifin tsummanmu ba? A sa ta gida a gefe, a yi musu komai iri ɗaya." Ni ban yi wannan tunanin ba. Na ce wa zai samo ta gida. Laminu ne ya zo da 'yar kaɗan a ƙulle a bakin rigarsa, cikin wadda uwarsa ta ɓoye ta hana kowa taɓawa.

Nan na ga wani Laminu da ban sani ba. Ya san ƙwayar da ƙwaro ya huda, ya san yawan ruwan da zai sa iri ya ruɓe, shi yake hana ki buɗe tsumma kowane lokaci don ɗoki. Ke kina ƙirgawa kina zana wa aji a allo, shi yana kula da kasko, kuna gardama kamar tsofaffin abokan kasuwa. Ta gida ta tsiro kusan duka, ta taimako 'yan kaɗan ne suka fito. Yara suka kai labari gida. Ban ce kowa ya saurare su ba, amma na san gidajen da suka ci ta taimako suka nemi iri a wani wuri. Ranar da aka buɗe tsumman, Laminu ya tsaya gaban aji ya yi bayani da guntun Faransancinsa, inda ya maƙale kika cika masa, aka tafa musu ku biyu.

Kin ga duk wannan ba da kuɗi aka yi shi ba, don haka kada ki rubuto mini cewa lakwal ɗinku ba kayan aiki. Kuna da inuwa: ki kafa kara a fili, su riƙa sa alama a ƙasa, Tsahara ta gaya miki inda inuwar za ta kai kafin ta kai. Kuna da tiya, kwanon awo: su yi hasashen ƙwayar gero nawa ke cikinta, sannan su nemo yadda za a sani ba tare da an ƙirga duka ba. Kuna da dara, ki haƙa musu gurabunta a gindin bishiya, in Tsahara ta cinye kowa ki ce ta sauya doka ɗaya ta gaya miki abin da zai faru da wasan. Ta ƙirƙiro kacici-kacicin da ba a taɓa ji ba. Ki fara musu tatsuniya ki tsaya a tsakiya, kowa ya fitar da Gizo daga ramin da ya faɗa ta hanyarsa. A irin wannan na baya ma suna da abin cewa, wani lokaci su ba ki mamaki. Ki yi darasi mai nauyi da safe, tun ɗan abin da suka sha a gida bai gama narkewa ba. In Tsahara ta fi iya tunanin da Hausa, ki bar ta ta yi shi da Hausa a waje, Faransancin zai biyo baya.

In ta sake gyara miki kuskure, na san jininki zai hau, jinina ne. Ki haɗiye, ki duba allon, in ta yi daidai ki ce ta yi daidai, ki gode mata, ki ci gaba. Ba abin da zai ragu a jikinki. Kada kuma ki mai da ita ƙaramar Madam mai koyar da 'yan baya tun safe har tashi, wannan ma wata sandar ce. Ki haɗa ta da wanda ya san abin da ba ta sani ba, akwai shi a ajin, ki neme shi. Ki riƙa ba ta abin da zai kayar da ita lokaci-lokaci, ta saba da faɗuwa tun tana kusa da ƙasa. Ki je ki gaida iyayenta, ki durƙusa yadda na koya miki, ki sha ruwan da suka ba ki ko da ya yi ja. Ke baƙuwa ce, kuma Kirista a garin Musulmi, halinki za su fara karantawa kafin su yarda da karatunki. Kada ki ce musu 'yarsu ta fi 'ya'yan kowa, kada ki jawo mata ido. Ki ce tana da ƙoƙari, kina jin daɗin koyar da ita.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne, bana ma ga yadda sama ta yi. Kin gani da idonki a hanya, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Na ga irin wannan shekarar, na san abin da ke biyo ta. Kafin sanyi ya wuce za ki riƙa kiran suna ana ce miki sun tafi kudu. Haka aka yi da Laminu. Damina ta sake ƙi, wata safiya na tarar da bencin baya ba gwiwoyin nan da ke tokare tebur. Aka ce sun bi mota da uwarsa da ƙannensa. Ban ƙara ganinsa ba, ban san inda yake ba, ko yana raye. Kin yi kwanaki kina kai kaskon nan taga kina dawo da shi.

Sau da yawa ina tunanin abin da yaron nan ya tafi da shi daga ajina. Saura kaɗan ya tafi da zafin kunci kawai, da sanin cewa shi daƙiƙi ne, masu kai kuma aikinsu su mare shi. Bai tafi da wannan ba. Ya tafi yana sane da cewa ya taɓa tsayawa gaban aji aka tafa masa. Ba ni na yi masa wannan ba, Rahila, ke ce, da tafin hannunki da ya sha bulalata.

Tsahara ma ba ki san tsawon zamanta a hannunki ba. Wataƙila shekaru, wataƙila kafin Kirsimeti an ɗora ta a mota. In ta tafi, abin da kika sa mata a hannu da shi za ta tafi. In sanda ce, za ta koyi cewa Allah ya ba ta kai ne don ta tsaya a kan benci, kuma yaran da za ta yi gudun yunwa tare da su za su tuna. Kuma kada ki dogara cewa za ta ƙi kamar yadda kika ƙi. Ba kowane yaro ne zai zaɓi bencin gaba da bulalar farko ba, bai ma kamata a sa yaro ya zaɓa ba.

Mutane suna taya ni murna cewa 'yata ta ci jarrabawa ta zama Madam, ina amsawa ina godiya. Amma ni ba mai takardar nan nake taƙama da ita ba. Yarinyar da na samu tsugune a layin pampo da ƙwallayen goruba, ita na ɗora a mota zuwa Dogo. Ranar da za a koma lakwal, in Tsahara ta gama kafin kowa ta fara waige-waige, hannunki ya kai kan sanda, ki tsaya ki tambayi kanki wa ke tsaye gaban ajin, Madam ce ko Rahila. In Madam ce, ki ce ta matsa.

Ubangiji ya kiyaye ki a ɗakinki da ajinki da kan hanya. Ya tsare ki daga ciwo da mugun ruwa da bakin mutane. Ya ba ki haƙuri fiye da wanda ya ba ni, ya riƙe Tsahara da sauran yaran a hannunsa duk inda shekarar nan ta kai su, ya kuma ji tausayin ƙasar nan ya ba mu ruwa. Ki riƙa tafasa ruwan sha. Ƙuli-ƙulin kuma ba naki ke kaɗai ba ne, ki duba bencin baya.

Ni ce mahaifiyarki mai alfahari da ke,
Saratu